Shehun Lalo Ya Je Neman Aure

Mutane suna yawan tambaya, me ya sa hanyar jirgin ƙasa ta taso tun daga Kano, ta keta daji da fadama, ta zo Nguru ta tsaya cak, ba ta ƙara gaba ba? Wasu sun ce ƙarfe ne ya ƙare wa Turawa. Wasu sun ce yashi ne ya yi yawa a gabas. Duk waɗannan ba su san Malam Yuguda ba ne. Wanda ya san shi ya san amsa. Jirgi ya zo ya tarar da shi a nan, to me kuma zai je nema a gaba? Malam Yuguda bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, don mutum ne mai kunya. Sai dai in wani ya faɗa a gabansa, yakan ɗan gyara rawani ya ce, "Allah ne masani."

Rawanin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ba wanda ya naɗa masa shi. Shi ya duba garin kaf bai ga wanda ya isa ya naɗa shi ba, sai ya tausaya wa jama'a ya naɗa kansa. Tsawonsa kuwa, in aka warware shi zai iya zagaye rumfa. Aikin Malam a shekarun nan na bayan babban yaƙin Turawa shi ne awon gyaɗa a kan sikeli, a kantin wani Balarabe mutumin Sham, kusa da tasha. Amma shi ba ya kiransa awo. Yakan ce shari'a yake yi tsakanin buhu da ƙarfe.

Ilminsa ta ƙofa biyu ya shigo masa, kuma ba wadda ya sha wahalar buɗewa.

Ta farko, wata rana ya leƙa cikin kanti ya tarar da maigidansa yana cin abinci da wata koriyar miya mai yauƙi. Ya duba da kyau, sai ya ga ashe lalo ne. Lalon nan dai da ke fitowa a bayan kowane danga ba tare da an shuka shi ba, wanda mata ke tsinka in cefane ya gagara.

Ya ce, "Maigida, kai ma kana shan wannan?"

Balaraben ya ce, "Mulukiyya! Ka san muluk? Sarakuna. A ƙasarmu ana cewa da can sarakuna kaɗai ke shan ta."

Ya faɗa ne da loma a baki, kafin ya wanke hannu ya manta. Malam Yuguda bai manta ba.

Ta biyu, wani saurayin Bature mai duba auduga ya zauna jiran jirgi, jirgi ya yi latti. Don ya rage zaman banza sai ya tsinko furen kuɓewa da na rama da na auduga, ya jera su a kan buhu, ya ce wa tafinta ya gaya wa mutane waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne, har da yakuwa. Ya ƙara da cewa sunan dangin a bakinsu wai daga wata tsohuwar kalma ya samo asali, mai nufin taushi. Jirgi ya zo, Bature ya tafi. Bai ambaci lalo ba ko sau ɗaya. Malam Yuguda ya yi masa uzuri, ya ce yaro ne, mantawa ya yi. Ya ɗauki lalo da ikonsa ya shigar da shi gidan, ya zaunar da shi a kan gadon sarauta.

Daga nan Nguru ta shiga uku da alheri.

Ranar kasuwa, da ya rufe sikeli, sai ya nufi layin masu ganye ya tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a baya.

"Jama'a, ku matso, ba kullum ake samun irin wannan ba. Wannan da kuka baza a kan tsumma, a ƙasa, kusa da kashin awaki, kun san ko wane ne? Kuna ce masa lalo. Na bincika, kalmar lalo ba ta da uwa ba ta da uba. Sunansa na yanka mulukiyya. Wata tsohuwa ce haƙoranta suka zube, ta so ta ce mulukiyya, harshe ya zame, abin da ya saura a bakinta shi ne lalo, ku kuma kuka bi ta har yau. Shi ne sarkin gidan. Kuɓewa waziri ce, don ita ke bi masa a yauƙi. Auduga ita ke ɗinka wa gidan riguna. Rama kuwa dogari ce. Ku ci ganyenta da ƙuli, ku jiƙa karanta a ruwa ku ɓare ku tufka igiya, ku ɗaure wanda ya yi laifi. To ku ce mini, wane gida ne a duniya yake ciyar da kai, ya tufatar da kai, ya kuma ɗaure maka jaki?"

Wata mai ganye ta ce, "Yakuwa fa, Malam? Ga ta nan ɗanya shar, a zuba maka?"

Fuskarsa ta canza. "Kada ki ƙara ambata mini ita. Kowane gidan sarauta da munafukinsa. Ki sa yakuwa a miyar yauƙi ki gani, nan take za ta tsinka shi. 'Yar gida ce, amma da maƙiya take."

Ƙarshen karatun kullum ɗaya ne. Sarauta taushi ce, taushi kuma yauƙi ne. Talaka kaushi gare shi, shi ya sa yake talaka. Duk wanda ya riƙe lalo da gaske, sarauta za ta sauko masa ta maƙogwaro ta bazu cikin jiki. Shi kansa ya daina cin kowace miya sai ita, safe da yamma. In ya ɗaga loma, zaren yauƙi yakan bi hannunsa har sama, ya tsaya yana kallonsa kamar mai duban jinjirin wata.

'Yan dako suka sa masa suna Shehun Lalo. Mahauta suka ce Sarkin Yauƙi. Ya ji duka biyun, ya karɓa da tawali'u, ya ce na farkon ya fi dacewa da shekarunsa.

A bayan tasha, inda ruwan tankin jirgi ke ɗiga, lalo ya tsiro ya cika wurin. Malam ba ya wucewa ta wurin da takalmi. Wata rana ya tarar da jakin wani mai itace ya sa kai yana kiwo a ciki. Bai doke shi ba, don ba halinsa ba ne. Ya tsaya a gabansa ya fara masa bayani tun daga ƙasar Sham. Jakin ya kaɗa kunne, ya ci gaba da tauna, bai gusa ba sai da ya share wurin tas. Mutanen tasha sun shaida cewa a duk almajiran Malam shi kaɗai ya zauna har ƙarshen darasi.

Shi kaɗai, sai Aisa.

Aisa bazawara ce, mutuniyar wani ƙauyen masunta da ke tsallaken kogin Gashuwa. Mijinta ya rasu, ta fita takaba, ta koma gidan yayanta Ba Ibram. Takan kawo bandar kifi Nguru ta sayar wa masu lodin jirgi. Wurin zamanta yana daf da inda Malam ke tsayawa, kuma mai kaya ba ta iya tashi ta bar kayanta. Saboda haka ta ji karatun lalo daga farko har ƙarshe, ta sake ji, ta kuma sake. Malam ya lura duk kasuwa na watsewa ita tana nan. Ya gane abin da ake nufi. Ya tausaya mata, ya yanke shawarar ya aure ta.

A faɗi gaskiya, Aisa ba ta ƙi shi ba. Ta gaji da zaman gidan wa. Malam yana da ɗaki mai rufin kwano kusa da kasuwa, ba ya zagi, ba ya duka, ba ya bin mata. Magana ce kawai, ita kuwa ta iya barci ido buɗe. Da ya gabatar da kansa, bayan doguwar shimfiɗa a kan furen auduga, sai ta gyara lulluɓi ta ce:

"To Malam, ba ni na ce a'a ba. Amma mu a garinmu ba a neman bazawara da baki. Mai so yakan shiga ruwa, abin da ya kama ranar ya kawo ya ajiye a ƙofar gida. In matar ta ce a bar shi nan, ya kwashe abinsa ya tafi, ba faɗa. In ta ce a shigo da shi, shi ke nan, mai kamun ya samu mata."

"Kifi," in ji Malam, yana kallon sama.

"Kifi mana. Kuma ka sani, akwai wani Hammadu mai taru, ya ce zai kawo nasa ranar kasuwar Gashuwa mai zuwa. Ni kuwa ranar zan yanke, ba zan ƙara wata damina a gidan Ba Ibram ba. In ba ka iya su ba, ka nemi wanda zai shiga da kai, ko 'yar karfasa ce ka kama da hannunka. Ni ba girman kifin nake dubawa ba."

Malam ya yi murmushin da malamai ke yi wa yara. "Aisa, wanda ya kawo kifi ya kawo abin da kowa ke da shi. Ki duba gabanki, kwando nawa ne? Ni zan kawo miki abin da babu irinsa daga nan har Sham. Zan kawo kaina. Ni ne kyautar."

Ta ce, "Sai dai abin da aka kama a ruwa, Malam."

Amma ya riga ya koma kan kuɓewa.

Ana gobe kasuwa ya hau motar gyaɗa zuwa Gashuwa, a gaba kusa da direba, rawani yana gugar rufi. Ba shi da kaya sai ƙunshi biyu, garin lalo da garin busasshiyar kuɓewa. Ya sauka a gidan wani abokin cinikin maigidansa. Da gari ya waye ya roƙi a ba shi babbar tukunya da maburgi da 'yar kanwa. Matan gida suka ɗauka baƙo miya yake sha'awa, suka ce su za su yi masa. Ya ce wannan ba aikin mata ba ne.

Tunaninsa a fili yake, kuma ba wanda zai iya kushe shi. In lalo daga ciki yana kawo taushi a hankali, to daga waje zai kawo shi nan take. Ya dama garin nan biyu, sarki da waziri, ya jefa kanwa don yauƙi ya tashi, ya burga har sai da maburgi ya fara ɗago tukunyar. Ya shiga bayan ɗaki ya shafe jikinsa tun daga wuya har tafin ƙafa, har tsakanin yatsu. Sauran da ya rage bai yi asararsa ba. Ya tsoma riga da wando da rawani a ciki a madadin sitaci, ya shanya su, shi ma ya tsaya a rana ya shanya kansa.

Abin ya bushe. Riga ta tsaya ƙyam kamar an sassaƙa ta. Fatarsa ta yi wani ƙyalli kore-kore, tana ɗan tsagewa in ya motsa. Taushin bai bayyana ba tukuna, amma Malam ya san manyan abubuwa ba sa gaggawa. Ya fito yana tafiya kamar ƙyauren da aka cire daga gini. Awaki uku suka biyo shi tun daga ƙofar gida, ɗaya tana ɗan gutsurar gefen rigar. Bai kore su ba. Ya ce dabba ma ta san wanda ya kamata a raka.

A lokacin ruwa bai janye ba, kogi cike yake. Jirgin fito ba ya iya matsowa gaɓa, sai mutum ya taka ruwa zuwa gwiwa kafin ya hau. Mata masu komawa ƙauye sun riga sun shiga da kwanduna.

Mai fito, wani dattijo mai suna Bobboi, ya gaishe shi da yaren garin, ya ce, "Wushe, Malam. Naɗe wando ka shigo, za mu tashi."

Malam ya ce, "Wandon nan ba ya naɗuwa."

Ya taka ruwa. A nan ne ilminsa ya tabbata. Abin da ya bushe a jikinsa ya ji ruwa ya farka. Taushin da yake jira ya zo gaba ɗaya, ya zo da 'yan uwansa. Ya ɗora ƙafa a bakin jirgi, ƙafar ta wuce, shi ma ya bi ta. Ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan, bai taɓa kowa ba. Ya miƙe, yanzu ya jiƙe har wuya, ya zagayo ya sake gwadawa. Wannan karon ya samu ya zauna, amma zaman bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya taso daga bayan jirgi a zaune, ya ratsa ta tsakiyar mata, ya tafi da kwandon tattasai da wata kaza, ya fita ta goshin jirgi.

Mata suka sa salati. Wata ta ce, "Wannan mutum ne ko tarwaɗa?"

Bobboi ya dafe jirginsa ya ce, "Malam, don girman Allah ka tsaya nan. Ko ɗan sarkin Masar ne kai, ba ka ƙara shigar mini jirgi."

Malam ya share fuska, hannun ya zame ya wuce kunne. Ya ce, "Dama ban yi niyya ba. Gwada ku nake yi. Manya ba sa haɗa abin hawa da kaji."

Jirgi ya tafi. Rana ta fara ɗagawa, can tsallake kuma Aisa tana jira, Hammadu yana ruwa. Malam ya waiwaya sai ya ga wani ƙaton gora a gaɓa, irin wanda masuntan wurin ke kifa ciki a kai su yi ta iyo da hannu da ƙafa. Ya ga yara ma suna yi. Abin da yaro ya iya, ina ga wanda ya san asalin kalmomi? Ya tura goran cikin ruwa, ya yi bismilla, ya kwanta a kai.

Sirrin hawan gora ɗaya ne, cikin mutum ya kama gora. Cikin Malam ba ya kama komai. Goran ya kufce daga ƙarƙashinsa kamar ƙwallon goruba a hannun mai man shanu. Ya bi shi ya rungume, goran ya sake zillewa ya yi gaba. Ya sake bi. Da haka, gora na gudu Malam na bi, har suka kai tsakiyar kogi, inda gora ya ga ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kama gabansa.

Babbar riga ta cika da iska ta riƙe shi a sama, ruwa ya ɗauke shi ya yi gabas da shi. Masunta suka yo kansa a kan gorunansu. Na farko ya kama hannu, hannu ya zare. Na biyu ya rungumo ƙugu, Malam ya fita ta sama kamar an matsa ɗanyar kuɓewa. Na uku ya cafko jelar rawani, rawani ya yi ta warwarewa, ya yi ta warwarewa, mutumin ya yi ta ja har ya gaji, ƙarshe rawanin ma ya sulale ya bi ruwa. Waɗanda ke kusa sun ce duk sa'ad da kan Malam ya ɓullo, ana jin yana cewa, "Kun gani... ba mai iya... riƙe..." sai ya sake nutsewa.

A can ƙasa, wajen wata kwana, Hammadu da 'yan uwansa uku suna jan taru. Tun safe suke ruwa, ba su samu komai ba sai 'yan karfasa da ba su cika ƙwarya ba. Hammadu, dogo ne marar yawan magana, ya riga ya fara tunanin yadda zai ajiye wannan abin kunya a ƙofar Aisa. Sai taru ya yi nauyi. Igiya ta miƙe.

Ƙaninsa ya yi ihu, "Giwan ruwa! Wallahi giwan ruwa ne! Ku ja!"

Suka ja, suna kabbara. Abin da ya fito kore ne, yana da gemu, yana tari.

Suka yi ƙoƙarin fitar da shi daga tarun. Duk sa'ad da suka tsayar da shi a kan laka, sai ya zame ya nufi kogi, sai sun tare shi da taru kuma. Bayan sun gwada sun gaji, babban cikinsu ya ce a bar shi a ciki, shi ne kawai abin da ke riƙe shi. Suka tattara bakin tarun suka ɗaure, suka zura sandar tuƙi.

Hammadu ya durƙusa ya ce, "Sannu, Malam. Ina za mu kai ka?"

Malam ya tofar da ruwa, ya ce da muryar da ta saura, "Gidan Ibram. Ƙofar Aisa. Ana jirana."

Hammadu ya dubi 'yan uwansa. 'Yan uwansa suka dube shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "To. Mu ma can muka nufa."

Wannan tafiya ita ce mafi daɗi a rayuwar Malam Yuguda. Ga shi a sama, a kafaɗar ƙarti huɗu. Ga jama'a sun biyo baya, masunta suna kaɗa gorunansu, mata suna leƙowa ta kan zana. Ya shafa igiyar tarun ya ji ta rama ce, sai hawaye suka zo masa. Dogaran gida sun ji ubangidansu yana cikin ruwa, sun zo tarye. Ya ɗaga hannu ta cikin raga yana amsa gaisuwa, wata karfasa tana tsalle a ƙirjinsa.

Ba Ibram yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida da dattawan unguwa. Aka sauke taru a gabansu. Hammadu ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya faɗi abin da ake faɗa: "Ga abin da ruwa ya ba ni yau."

Malam bai ji shi ba, don ya riga ya fara.

"Ibram, da ku dattawan wannan gari, ku kwantar da hankalinku, ba sai kun tashi ba. Yau gidanku ya yi baƙon da bai taɓa yi ba. Wasu suna zuwa da kifi. Ni na zo da sarki da waziri a jikina, dogarai kuma suka ɗauko ni. Ku taɓa ku ji. A'a, ku taɓa mana! Tun daga Gashuwa ake ƙoƙarin kama ni, ba wanda ya iya. Wannan shi ne taushin da Bature ya faɗa, shi ne mulukiyyar da Balarabe ya faɗa. Ina Aisa?"

Aisa ta fito bakin zaure. Ta dubi taru, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Ta dubi Hammadu, wanda bai ɗago kai ba, laka har cinya, igiya ta yanka masa tafin hannu. Ta sake duban Malam, ba rawani, haƙora suna kaɗawa, ciyawar ruwa a kunne.

Malam ya ce, "Na gaya miki. Ni ne kyautar."

Ta ce, "Ka gaya mini, Malam."

Ba Ibram ya yi gyaran murya. "To, Aisa. Ga shi an ajiye. A bar shi nan, ko kuwa?"

Aisa ta murza bakin mayafi. Sa'an nan ta ce, "A shigo da shi."

Guɗa ta tashi daga cikin gida, ta tsallaka maƙwabta, ta zagaye ƙauyen. Malam ya lumshe ido. Bai yi mamaki ba, amma ya ji daɗi.

Aka shigar da shi, aka zazzage shi kusa da wutar banda. Maza suka taru a kansa da toka da yashi, yauƙi ya ƙi fita. Wata tsohuwa ta ce a jiƙa busasshiyar yakuwa a wanke shi da ruwan. Malam ya ce ko kusa, ba za a taɓa shi da munafuka ba. Ba wanda ya saurare shi. Aka kwara masa, yauƙi ya tsinke nan take, aka ga fatar mutum. Aka ba shi aron wando da taguwa, aka kawo masa tuwo da miyar kifi. Ya duba ba lalo a ciki, ya yafe musu, ya cinye.

Da ya ji ɗumi, sai ya juya wajen Ba Ibram cikin sakin fuska irin na suruki.

"To, yaushe za a ɗaura?"

"Juma'a, in Allah ya yarda."

"Madalla. Sai na aika Nguru a kawo mini wani rawanin."

"Ƙwarai kuwa, ka zo da shirinka. Ai ba a yi ba kai ba. Hammadu ma zai so ya gan ka."

"Hammadu? Wannan da ya ɗauko ni? Yaron kirki ne. A sa shi cikin shaidu."

Ba Ibram ya dube shi da kyau. "Malam, ango ba ya shaida."

Malam ya buɗe baki.

Ba Ibram ya ce, "Tarun wa aka kawo? Wa ya ajiye? Aisa ta ce a shigo da abin da ya kama, an shigo da shi. Ga ka nan."

Daga bayan zana muryar Aisa ta fito, ba da izgili ba. "Na gaya maka a Nguru, Malam. Har sau biyu. Kana maganar kuɓewa."

A karo na farko tun ranar da Balarabe ya ci abincin nan, Malam Yuguda ya rufe baki ba tare da ya ce komai ba. Waɗanda suka gani sun ce abin ya fi faɗawarsa kogi ban tsoro.

Saura abu ɗaya. A al'adar garin, kamun da aka shigo da shi ba a cinye shi a gida ɗaya, raba wa maƙwabta ake yi don kowa ya shaida. Kafin la'asar tsofaffin mata suka fara shigowa da 'yan ƙoransu, kowace ta zo karɓar rabonta, don labari ya bazu cewa Hammadu ya kama abin da sai da mutum huɗu suka ɗauka. Aka nuna musu shi, yana zaune a bakin wuta cikin wandon aro. Babbarsu, Ya Mairam, ta zagaya shi a hankali, ta duba gaba ta duba baya, ta latsa damtsensa da yatsa kamar yadda ake gwada kifin jiya. Sai ta miƙa ƙwaryarta wajen 'yan karfasan nan ta ce, "A ba ni biyu daga cikin waɗancan."

Malam ya koma Nguru a bayan motar gyaɗa, a kan buhuna. Bai ɓoye komai ba, don ba ya ƙarya. Duk wanda ya tambaye shi yakan ce mutum huɗu suka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gida, matar ta dube shi sau ɗaya ta ce a shigo da shi, gari duka ya ɗauki guɗa. In aka ce to ina amarya, sai ya kai hannu zai gyara rawani, ya tarar da hula.

Rawanin kuwa bai ɓata ba. Bayan kwanaki ya maƙale a tarun Hammadu, shi kuma ya kai shi gida, aka wanke aka ajiye. Da shekara ta zagayo Aisa ta haihu, ta yanka rawanin gida-gida ta yi majanyi da tsummokin jariri, har ta ba maƙwabta. Ta dawo kasuwar Nguru da goyonta, ta zauna a wurinta na da. Da Malam ya zo wucewa ta kira shi, ta juya masa baya don ya ga yaron, ta kama bakin majanyin ta ce:

"Malam, ashe gaskiyarka ce. Wallahi ban taɓa ganin ƙyalle mai taushi irin wannan ba."